Fanke Mai Wutsiya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gyaɗi-Gyaɗi zamanin soja ya san Inna Hajara mai fanke. Wanda ya ce bai san ta ba, ko dai maƙaryaci ne, ko kuwa uwarsa ce marowaciya. 'Yar guntuwar mace ce, baƙa mai wushirya, wadda aka kawo birni tana amarya daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure, tun lokacin da bayan unguwar duk gonakin gero ne. Mijinta Malam Isyaku kuku ne a gidan wasu Kwarori, Larabawa 'yan kasuwa, a Bompai, mutumin da zai dafa abinci kala-kala a wurin aiki, ya dawo gida ya miƙe ƙafa a tabarma yana jiran tuwo kamar bai taɓa ganin murhu ba. Da ya tashi rasuwa bai bar mata gona ba, bai bar mata ko tunkiya ba. Ɗaki biyu ya bari da zaure, da 'ya ɗaya da ke aure a Zariya, sai wata dabara da ya gano a kicin ɗin Kwara: a yanka 'ya'yan itace, a tsoma cikin kwaɓin fulawa, a soya.

Su Kwarori da tuffa suke yi. Hajara ta ce ita ba ta da dangi a ƙasar tuffa. Sai ta riƙa shiga motar haya zuwa 'Yan Lemo, tana kwaso ayabar da ta nuna har ta yi baƙi, wadda 'yan kasuwa ke neman mai raba su da ita. Ta dame rabi cikin kwaɓin, ta yayyanka rabi, ta sa yis da ɗan gishiri da gyaɗar ƙamshi, ta rufe ta ajiye a rana ya tashi. In lokacin mangwaro ne ta yi da shi. Sukari kuwa ɗan kaɗan, don cewa take wanda ya cika wa ayaba sukari yana nufin Allah bai ƙarasa aikinsa ba.

Ba da cokali take zubawa a mai ba. Da hannu take damƙo kwaɓin, ta matse ya ɓullo ta tsakanin babban yatsa da manuniya, ta karkace wuyan hannu ta tsinke. Wannan tsinkewar ce ke barin wani ɗan siririn abu a gindin kowane fanke, ya soyu ya yi ƙaras. Yara suka sa masa suna mai wutsiya, kuma wutsiyar suke fara gutsira. Mata nawa suka gwada kwaikwayonta! Nasu ko dai ya fito gundul kamar kan jariri, ko da ƙafafu kamar gizo-gizo.

Sannan ga gyara. Kowace mai sana'a tana gyara, amma na wasu sai ka roƙa har ka ji kunya. Ita Hajara, in ta gama ƙulle maka naka a takarda, sai ta ɗauko ɗaya mai zafi daga saman kwando, ta danƙa maka a tafin hannu. "Wannan na hanya ne," za ta ce, "in ka kai shi gida ban yafe ba."

A cikin gyaran nan tsautsayi ya ɓuya yana jiranta.

Akwai maƙwabciyarta Saratu, matar wani direban tanka, tana da 'ya Nafisa da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Wata safiya cikin damina yarinyar ta zo saye. Hajara ta danƙa mata gyara, ta ja kumatunta ta ce, "Kai, 'yar nan kin yi ɓul-ɓul, kumatu kamar fankena!" Ba ta ce tubarkalla ba. Mai ne ke ƙonewa a kasko, hankalinta ya koma can, kalmar ta maƙale a maƙogwaro.

Kafin gari ya sake wayewa zazzaɓi ya rufe Nafisa, tana sambatu tana cewa, "Inna Hajara, gyara. Inna Hajara." To, jama'a, yarinyar Gyaɗi-Gyaɗi in tana sambatu sunan wa za ta kira, ministan lafiya? Amma uwa da 'yarta ke fizge-fizge a cinya ba ta da kunnen jin wannan. Da hantsi ƙofar zauren Hajara ta cika. Aka fara faɗin kalmar ƙasa-ƙasa, sannan aka faɗe ta da ƙarfi: mayya. Wani mai ilimin tsiya ya tuna wa jama'a cewa mayu a siffar ƙadangare suke ganin kurwar mutum, ya ɗaga fanke ɗaya sama ya ce, "Ku dubi wutsiyar nan da kyau." Mutanen da suka yi shekaru suna lashe yatsa suka shiga tofar da yawu.

Aka tasa ta gaba zuwa gidan Saratu, aka shimfiɗe yarinyar a tsakar gida, aka ce ta tsallake ta, don a cewarsu haka mayya ke sakin wanda ta kama. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe. Ta waiga, ta ga samarin unguwa da duwatsu a hannu, cikinsu har da Mu'azu, wanda rabin tsokar jikinsa da gyaranta aka gina ta. Sai ta tattare zani ta tsallake. Abin da ya hana duwatsun tashi ba tausayi ba ne. Motar sojoji ce ta gifta ta bakin titi, zamanin kuwa taro kansa laifi ne. Kafin ka ce me, kowa ya tuna yana da aiki a gida.

A ranar uban yarinyar ya dawo daga tafiya, ya saɓe ta ya kai ta asibiti aka yi mata allura. Ta warke. Da ta mutu, da an ce Hajara ta cinye ta. Da ta tashi, aka ce Hajara ta sake ta. Ko ta ina aka juya, sunan ya zauna.

Tun daga ranar ba wanda ya sake karɓar abu daga hannunta. Ta kife kasko ta koma sayar da gawayi, don gawayi ba ya shiga ciki. Ko shi ma, in za ta ba da canji sai a ce, "Ajiye a ƙasa, Inna." Uwaye na janye 'ya'yansu in ta gifta. Biki ba a gaya mata, suna ba a gaya mata, gaisuwar mutuwa in ta je sai tabarmar da ta zauna ta yi faɗi. 'Yarta ta zo daga Zariya da kuka ta ce su tafi. Hajara ta ce in ta tafi ta amsa sunan ke nan. Damina ta zagayo ta sake zagayowa. Wani lokaci tana zaune tana lazimi sai ta ga hannunta na dama yana matsar iska, wuyan hannun yana karkacewa shi kaɗai. Sai ta danne shi da na hagu, kada wani ya gani ya ce kurwa take kamawa.

Ana haka soja ya ce ya gaji, zai koma bariki. Bango ya cika da hotuna, 'yan acaɓa suka ɗaura tutoci, mutanen da ko gaisuwa ba sa amsawa suka shiga bin gida-gida suna durƙusa wa tsofaffi. Samarin nan masu duwatsu suka samu iyayen gida, da riguna iri ɗaya, da gorori. Mu'azu ya zama shugabansu. Taro kuwa ya daina zama laifi, ya zama sana'a.

Wani dillalin filaye mai suna Garzali ya ci kansilan unguwar. Aka kwashe sababbin kansiloli zuwa bita a wani otal a Kaduna don a koya musu mulki. Allah kaɗai ya san abin da ya koyo na mulki, amma ya dawo da labarin wani tebur. Wannan labarin ne ya kawo Hajiya Husaina zauren Hajara.

Husaina mai girkin biki ce a Tarauni, ƙatuwar mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, kuma ita kaɗai ce cikin ƙawayen Hajara da har yanzu take shan ruwa a gidanta. Ta zube a kan buhun gawayi tana fifita da mayafi.

"Ke Hajara, baƙinki na haihuwa bai ishe ki ba sai kin ƙara da na gawayi?"

"Ke da kike fara me kika tsinta? Sannu da zuwa, Hajiya. Buhun nan dai ki tausaya masa."

"Bar ni, na zo da abin mamaki. Honarabul Garzali zai yi walimar rantsarwa, ni ya ba girki. Amma wai ba mai rabo."

"Ba mai rabo kamar yaya?"

"Wai ɗiba-da-kanka. A jera abinci a tebur kamar kayan lefe, kowa ya ɗauki faranti ya zuba wa kansa."

"Har dattawa?"

"Har liman."

"To wa zai san wanda za a ba cinya da wanda za a ba wuya?"

"Wai ita ce dimokuraɗiyyar."

"Allah ya kyauta," in ji Hajara.

"Bai kyauta ba tukuna, saurara. Wai a can ƙarshen tebur sai an sa abin zaƙi, haka ya gani a Kaduna. Ni ina zan gasa wa unguwa guda kek? Ga ayaba ta yi arha a 'Yan Lemo har tana roƙon a ɗauke ta."

Hajara ta gane inda aka dosa. Ta sunkuyar da kai. "Hajiya, kin san ba mai cin abin hannuna."

"Ai shi ya kawo ni. Teburin nan ba shi da hannu. Ba mai miƙawa, ba mai tambayar wa ya miƙa. Akwai kango a bayan gidan Honarabul, can za ki zauna, ba mai ganinki. Da cokali za ki zuba, kada in ga wutsiya ko ta ɓera."

Hajara ba yarinya ba ce, ta san abin da ake gayyatarta. Duk unguwarsu za ta kwashe ta tafi walimar nan, da Saratu, da Mu'azu da yaransa. In aka gane ta, ba za a ce ta kama yarinya ɗaya ba, cewa za a yi ta ɗana wa gari guda tarko. Kuma yanzu babu motar da za ta gifta ta watsa taro, taron ne ma ya kafa gwamnati. Ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta ji hannun nan yana motsi a kan cinyarta.

"Man gyaɗa za ki sayo," ta ce. "Ba na suya da na gwangwani."

Ranar walima gari ya tashi da wani irin zafi mai danne ƙirji, irin na ƙarshen bazara. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya cak, bai zubo ba bai tafi ba. Hajara ta shiga kangon tun da sassafe, a lulluɓe har ido kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Ta kafa murhu a lungu, ta kwaɓa fulawa a manyan robobi, ta jera su inda rana ke faɗowa. Ta wata taga da ba a sa wa ƙarfe ba tana hango tsakar gidan, da gefen rumfar da aka kafa wa maza a waje.

Tebura aka aro daga wata Islamiyya, aka haɗa su baki da baki, aka cusa wa gurguwar ƙafa guntun bulo, aka lulluɓe da sabuwar leda mai furanni. Ɗaya a rumfar maza, ɗaya a cikin gida na mata. Husaina na tsaye tana ba da oda kamar sojan da aka manta ba a mayar bariki ba.

"Farantai a farko! Cokula a kofi! Ke, wa ya ce ki sa kaji a nan? So kike a cinye mu da rai? Shinkafa a gaba, sai waina, sai sinasir, sai miya. Nama can nesa, kafin mutum ya isa farantinsa ya cika. Fanke a ƙarshe, kusa da zoɓo."

Hajara ta fara suya da cokali biyu, ɗaya na ɗiba ɗaya na turawa. Fanken ya riƙa fitowa gundul-gundul, ba wutsiya ba fuska, kamar 'ya'yan wata mace daban. Amma ƙamshin nata ne, wannan cokali bai iya ɓoye shi ba. Duk sanda iska ta kwashe shi ta yi cikin gida da shi sai ta ƙara jan lulluɓi. Masu aikin Husaina, 'yan Hotoro da ba su san ta ba, suna zuwa suna ɗaukar tire suna kaiwa.

Bayan azahar aka yi addu'a. Garzali ya miƙe cikin shadda mai tsayuwa da kanta, ya ce, "Jama'a, zamanin da wani zai zuba maka abin da ya ga dama ya wuce. Yau kowa ya zaɓa da hannunsa. Bismillah!"

Ba wanda ya motsa.

Yo wa zai fara? Dattijon da tun da aka haife shi ba a taɓa ganinsa ya buɗe tukunya ba, shi zai tashi gaban surukansa da faranti kamar mai jiran sadaka? Kowa ya kafa wa takalminsa ido. Ƙudaje suka fara zaɓensu. Garzali ya sake cewa bismillah. Can sai Malam Haruna ladan ya yi gyaran murya, ya ce shi dai zai taɓa ne kawai don a samu albarka.

Albarkar kuwa ta samu. Kafin ya ajiye ludayi rumfar ta tashi gaba ɗaya. Mutanen da ɗazu kunya ta hana su ɗaga ido suka riƙa gina dalar gyaɗa a faranti. Dabarar Husaina ta sa nama a nesa ta yi aiki, sai dai ta manta babbar riga tana da aljihu. Wanda ya iso ƙarshen tebur da cikakken faranti ya ɗanɗana fanke ɗaya, sai ya waiga hagu ya waiga dama, hannu ya shige cikin riga.

Husaina ta faɗo kangon tana haki. "Ƙaro! Sun share!"

Hajara ta ƙara. Ba a jima ba ta dawo. "Teburin mata ko ɗaya bai samu ba, uwargidan Honarabul sai harara take. Ki yi sauri don Allah!"

"Cokali ne, Hajiya. Kwaɓin manne masa yake."

"To ki yi masa faɗa! Mutuncina ne a kan teburin nan."

Ta fita a guje. Mai ya yi zafi yana neman ƙonewa, kasko faɗi guda amma rabi ba komai, kwaɓi ya tashi har yana zubowa ta bakin roba. Cokalin turawa ya suɓuce ya nutse cikin mai. Hajara ta kai hannu za ta ɗauko wani.

Ba ta san lokacin da hannun ya sauya hanya ba. Ta dai ji sanyin kwaɓi a tafinta, ta ji ya ɓullo ta inda ya saba, wuyan hannu ya karkace. Ɗaya, wani, wani, kasko ya cika kafin ƙiftawar ido, suna juyawa da kansu a cikin mai kamar masu murnar ganinta. Wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinta ya kwance. Har waƙar daka ta tsinci kanta tana yi ƙasa-ƙasa. Ta tsame, ta zuba, ta tsame, ta zuba. Aka zo aka ɗauki tire, aka sake ɗaukar wani.

Sai da ta tsaya share gumi idonta ya faɗa cikin kwando. Ga su nan jere, kowanne da wutsiyarsa a sama, kamar yatsu suna nuna ta.

Ta kasa kunne. Hayaniyar mata na nan, dariya, ƙarar cokula. Sannan hayaniyar ta fara mutuwa daga gefe ɗaya, kamar ana yayyafa wa wuta ruwa, har ta mutu duka. Faranti ya faɗi ya yi ta juyi a siminti. Sai muryar Saratu.

"Wa ya soya wannan? Nafisa, tofar! Na ce tofar!"

Kangon ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta wajen rumfar maza take. Hajara ba ta ko gwada ba. Ta durƙusa ta zare itacen da ke ƙarƙashin kasko ɗaya bayan ɗaya, ta turbuɗe su a toka. In za a ture ta, kada dai a ture ta cikin tafasasshen mai. Sannan ta goge hannu a zani, ta zauna a kujerarta, ta yaye lulluɓin.

Suka iso. Mu'azu a gaba da gora, yaransa a baya, sai Saratu riƙe da wuyan hannun Nafisa, sai dattawa, sai Garzali yana zufa. Mata suka yi cincirindo a taga da kan katanga. Husaina ta tare ƙofa da faɗinta tana cewa ita ta kawo ta, a yi da ita, aka ture ta gefe kamar labule.

"Ita ce wallahi!"

"Unguwa guda ta so haɗawa!"

"Ni fa tun ɗazu nake jin jiri," in ji wani, ya dafe ciki.

"A fito da ita waje," Mu'azu ya ce, ya buga gora a ƙasa. "Ta fara tsallake yarinyar, sannan mu yi magana."

Hajara ta dube shi. Muryar da ta fito ta mai fanke ce, ba ta mai gawayi ba.

"Mu'azu, ka girma. Wancan karon cewa kuka yi da hannuna na miƙa wa yarinya. Yau wa na miƙa wa?"

Can nesa aka yi tsawa ƙasa-ƙasa.

"To na ji, zan tsallake. Amma ba yarinya kaɗai ta ci ba, kuma ba zan saki ɗaya in bar saura ba. Duk wanda ya ci ya zo ya kwanta nan a jere, manya a gaba. Kowa ya faɗi nawa ya ɗiba, da ƙarfi, don kowane fanke da tsallakensa. Wanda ya rage ɗaya, abin da ya same shi shi ya jawo. Na aljihu ma a fito da shi."

Jama'a suka dubi ƙasan kangon: toka, ruwan wanke-wanke, ɓawon ayaba. Suka dubi shaddodinsu. Suka dubi katanga, inda matansu da surukansu suka zuba ido suna jiran ganin tsohuwa ta tattare zani ta haye kan maigida.

"Malam Haruna," in ji Hajara, "kai ka buɗe tebur. Bismillah, buɗe layi."

"Ni?" Ladan ya ja da baya. "Ni shinkafa na ci. Shinkafa kawai, ko miya ban sa sosai ba." Ya dafe aljihunsa, inda mai ya zana taswira har ta kai cinya.

Wata mata a kan katanga ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki.

"Kai fa, mai jiri?"

"Ai jirin na rana ne, Inna. Ya ma wuce."

"Mu'azu?"

"Ni ba na cin zaƙi," ya ce, da ɓurɓushi a gemu.

Haka aka bi su. Wannan likita ya hana shi maiƙo, wancan bai ma lura akwai fanke ba. Ashe duk tulin nan da aka yi ta jigila tun azahar shi ya cinye kansa. Garzali, wanda bai zama dillali a banza ba, ya hango ƙofa ya yi wuf. "To alhamdu lillahi! Tunda ba wanda ya ci, ba wanda aka cuta. Jama'a a koma rumfa, akwai lemo mai sanyi."

Aka fara zamewa, kowa hannu a kan aljihu. Saratu ce kaɗai ba ta motsa ba.

"Ni na ci," ta ce. "'Yata ma ta ci, da hannunta ta ɗauka, na gani. Ba zan ce ki tsallake ba. Amma ga damina nan ta zo, Hajara. Ina kallo."

Ta ja 'yarta suka fita. Mu'azu ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kwankwasa bango da gora a hankali, kamar mai sallama.

"Mun dai san gidan," ya ce.

Kafin la'asar ruwan farko ya sauko, ya tarwatsa rumfar, ya wanke teburan dimokuraɗiyya tas.

Hajara ta koma gida ta zauna ta yi nazari. Fankenta yana cikin kowane ciki a unguwar, ko an amsa ko ba a amsa ba. Daga yau duk kan da ya yi ciwo nata ne, ko ta soya ko ta sayar da gawayi. To in haka ne, me gawayi ya fi?

Ta tono kasko ta wanke. Ta samo wani ɗan tebur ta kafa a ƙofar zaure, ta ɗora tire da takardun ƙunshi da gwangwanin jefa kuɗi, ita kuma ta koma can ciki wajen murhu, inda ko da sanda ba za ta taɓo mai saye ba. Ranar farko ƙudaje ne suka yi ciniki. Sai 'yan acaɓa baƙi, waɗanda ba su san labari ba. Sannan, a hankali, gidajen mutanen nan da ba sa cin zaƙi. Kowa ya ɗiba da kansa, ya ƙulle da kansa, ya tafi ba tare da ya leƙa zauren ba. Gyara kuwa babu, tebur bai iya gyara ba. Wasu suna yi wa kansu, tana gani ta wutsiyar ido, ta ƙyale su. Kuma ba abin da zai gifta ƙofar nan bai samu tubarkalla ba: yaro, jariri a goye, akuya, har sabon babur.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, kwatoci sun cika sun tsaya, sauro na tashi daga cikinsu da rana tsaka, sai ga Saratu. Ta tsaya gaban tebur ta ƙulle na ƙullewa, ta jefa kuɗi. Ba ta tafi ba. A tsallaken layi Mu'azu na zaune a benci, gora tsakanin gwiwoyi.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, Saratu. Ya Nafisa?"

"Lafiyarta ƙalau." Ta gyara mayafi. "Zuwa yanzu."

"Tubarkalla. Tubarkalla masha Allah."

Sai Hajara ta ga ashe ta taso, ashe tana bakin zaure, ashe hannun nan da ba ya jin magana ya riga ya ɗauko ɗaya mai zafi daga kwando ya miƙa. Janyewa ta gagara, an riga an gani. Fanken na tururi tsakaninsu, wutsiyarsa a sama. Masu wucewa suka rage tafiya. Mu'azu ya gyara zama.

Saratu ta daɗe tana dubansa. Sannan ta naɗe hannunta da gefen mayafi, ta karɓa ta cikin ƙyalle, yadda ake ɗaukar murfin tukunya mai zafi.

"Na hanya ne," in ji Hajara, murya can ƙasa.

"Na sani," in ji Saratu, ta juya ta tafi da shi a dunƙule. Ko ta ci ko ta jefa a kwata, kwanar layi ce ta sani.

Hajara ta koma kan kujerarta, ta damƙo kwaɓi. Can cikin unguwa, bayan katangu, wani yaro ya fasa kuka, irin siririn kukan nan na mai zafin jiki. Hannunta ya tsaya a saman kasko. Ta karkata kai, tana sauraron daga wane gida ne.